Yadda Malami Zai Saka Hoton Ɗalibai a Intanet Ba Tare da Keta Sirrinsu Ba

Yara sun lashe gasar muhawara, ko sun haɗa wani gwaji a ajin kimiyya, malami ya ji daɗi, ya zaro waya, kafin a tashi hoton ya hau Facebook. Niyyar ba ta da aibu. Sai dai fuskar da ke cikin hoton ba ta malamin ba ce, kuma mai ita bai kai shekarun da zai yanke wa kansa hukunci ba. Mafi yawan aikin kiyayewa ana yin sa ne tun kafin a ɗauki hoton.

Mataki na farko: san dokar da ta hau kanka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 16, ta hana kutsa wa yaro cikin sirrinsa. A Amurka akwai dokar FERPA ta 1974, wadda ta bar makaranta ta sa hoto cikin bayanan da take iya fitarwa, amma sai ta sanar da iyaye, ta kuma ba su damar cewa a cire nasu. A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ɗauki duk hoton da za a iya gane mutum a ciki a matsayin bayanansa na kansa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce idan yarda ake nema a kan bayanan yaro, wajen iyaye ko waliyyi za a je. Bayan doka, tambayi shugaban makaranta ko akwai rubutacciyar ƙa'ida. In babu, ka nemi a rubuta.

Mataki na biyu: karɓi izini a rubuce, kuma ya fito fili. Takardar da ta ce kawai "na amince a ɗauki hoton ɗana" ba ta wadatar ba. A rarrabe wuraren: allon sanarwa na makaranta, zauren WhatsApp na iyaye, shafin makaranta da kowa ke gani. Uba ko uwa su zaɓi wanda suka yarda da shi, a rubuta tsawon lokaci, a kuma faɗa musu suna iya janyewa duk ranar da suka so. Inda malamai da yawa ke tuntuɓe shi ne zaton cewa izinin da aka ba makaranta ya haɗa da shafinsu na kansu. Bai haɗa ba.

Wanda ya ce a'a, kada ka tambaye shi dalili. Wata uwar ta gudo ne daga mijin da ke dukanta, ba ta so ya san makarantar da yaran suke. Wani yaron ana shari'a a kan wanda zai riƙe shi. Ajiye sunayen waɗanda ba a yarda ba a inda za ka duba kafin kowane taro, kuma kada ka tsame yaro daga layi a gaban 'yan'uwansa kamar ya yi laifi. Ba shi wani aiki, ko ka ɗauki hoton ta baya. Shi kansa yaron ma a tambaye shi. Idan ya noƙe, ya isa.

Mataki na uku: duba abin da ya shiga hoton. Sau da yawa hannayen da ke riƙe da zanen, ko ƙeyar yara suna kallon allo, sun fi fuska ba da labari. Sannan ƙara girman hoton da yatsu biyu ka bi shi kusurwa-kusurwa: sunan da aka rubuta a bangon littafi, bajon makaranta a ƙirjin riga, takardar sakamakon jarrabawa da ke manne a bango, jadawalin da ke nuna ƙarfe nawa ake tashi. Fuska da suna da makaranta da lokacin tashi, idan suka haɗu, sun ishi baƙo ya tsaya a bakin ƙofa ya kira yaro da sunansa.

Akwai hotunan da ko da izini ba a sakawa: yaro yana kuka, yana barci a aji, ana hukunta shi, yana sauya kaya. Bidiyon da ake ɗaukar yaro ya ba da amsa ba daidai ba don mutane su yi dariya, a ganina, wannan cin amana ne, komai yawan waɗanda suka danna alamar so.

Mataki na huɗu: gyara wayar. Kyamara na ɓoye wasu bayanai a cikin hoto, waɗanda ake kira EXIF, har da rana da kuma wurin da aka ɗauka idan GPS na kunne. Shiga saitin kyamara ka kashe izinin wuri. Hoton da aka tura a WhatsApp a matsayin fayil yana tafiya da waɗannan bayanai gaba ɗaya. In makaranta na da wayarta, yi amfani da ita, don taka na iya kwafe komai zuwa ma'ajiyar hotuna ta intanet, irin su Google Photos ko iCloud, ba tare da ka lura ba. Rufe fuska da imoji yana taimakawa, amma maƙwabcin da ya san yaron zai gane shi ta jaka ko takalmi.

Mataki na biyar: wajen sakawa, kada ka rubuta cikakken suna, kada ka maƙala shafin iyaye, kuma ka bari sai an dawo daga yawon buɗe ido kafin ka wallafa, ba yara suna can ba. Rufaffen zaure ya fi, sai dai ka tuna kowa na iya ɗaukar hoton allon wayarsa ya tura gaba, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna iya ɗora fuskar yaro a kan abin da bai taɓa yi ba.

Idan iyaye suka ce a cire, cire nan take, musu ya biyo baya in akwai. Sanar da shugaban makaranta, ka roƙi waɗanda suka yaɗa su goge nasu, sannan ka buɗe kwandon shara na wayarka: a iPhone hoton da aka goge yana zama a can har kwana 30 kafin ya ɓace.