Yadda mai cutar siliyak zai ci abinci lafiya a kan dutsen ƙanƙara

A nan Sakkwato mai cutar siliyak ba ya rasa abin ci. Tuwon dawa, fura da nono, shinkafa da wake, duk babu gulutin a cikinsu, wato sinadarin da ke tayar da cutar. Abin gudu shi ne alkama da danginta, sha'ir da hatsin rai, wato burodi, taliya, funkaso, alkaki. Ko ɗan ɓurɓushi ya shiga ciki, sai garkuwar jiki ta afka wa ƙaramin hanji.

A watan Janairu muka ziyarci ƙanena da ke karatu a Bursa ta Turkiyya, ya ce lallai sai mun hau Uludağ, dutse mai tsayin mita 2,543 inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara. Maiɗakina ce ke da cutar, kuma can muka koyi darasi.

Tun kafin ka bar masauki, sa a rubuta maka takarda da harshen ƙasar. Tamu ta fara da "Çölyak hastasıyım", wato ina da cutar siliyak, sai jerin abubuwan da ba a ci. A takarda ta gaske nake nufi, don sanyi na cinye cajin waya kamar wasa. Ka cusa dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihu, amma ka bar kilishi a gida. Ƙasashe da dama ba sa bari a shigo da nama.

Sai lokacin shiga gidan abinci. Da azahar masu zamiya ke saukowa gaba ɗaya, da manyan takalmansu da yunwarsu, kuku ba shi da lokacin sauraron kowa. Shiga tun sha ɗaya da rabi, ka nemi a miƙa takardar ga shi kukun, ba mai kawo abinci kaɗai ba.

Daga nan sai tambaya, kuma nan ne aikin yake. Kada ka ce "akwai gulutin?", domin za a ce maka babu, da zuciya ɗaya. Tambayi kwano-kwano. Miyar jan wake mai tururi da kowa ke sha saboda sanyi, sau da yawa da fulawa ake ɗaure ta. Ƙwallon naman da suke kira köfte da garin burodi ake kwaɓa shi. Bulgur alkama ce tsantsa. İskender, kebab ɗin da Bursa ke taƙama da shi, a kan yankakkiyar gurasa ake shimfiɗa shi, kuma ɗage naman daga kai ba ya gyara komai.

Shinkafa ce ta kusa kayar da mu. An kawo ta fara tas, da wasu 'yan tsinkaye ja-ja a ciki. Har ta ɗebo cokali, sai ƙanena ya riƙe farantin. "Anti, tsaya! Wannan taliya ce aka soya." Mu da muka ɗauka shinkafa ko'ina shinkafa ce.

Tambaya ta ƙarshe kan kayan girki ne. Idan man da aka soya dankali shi ne na soya kaza mai garin burodi, haƙura da dankalin. Haka wayar gasa nama idan ana ɗumama gurasa a kai; roƙi a gasa naka a kasko mai tsabta. Teburin ɗebi-da-kanka kuwa ni ban yarda da shi ba sam, cokali ɗaya yawo yake daga taliya zuwa salak.

Abin leda ya fi sauƙi: nemi kalmar "glutensiz", wato marar gulutin. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya.

Ranar dai gasasshiyar kaza ta ci da dafaffen dankali da kindirmo, ta kora da shayi kofi uku, ƙafafunta na jikin hita.