Ga 'Yan Samaru da Suka Sauka Ƙasar Waje Karatun Fiziks na Asibiti

Ƙannena da kuka gama fiziks a Samaru, Allah ya ba ku gurbin digiri na biyu ko na uku a Turai ko Amurka, barkanku da sauka. Kafin ku gama fafutukar neman ɗaki da rigar sanyi, akwai tambayar da nake so kowannenku ya amsa wa kansa tun a watan farko: a asibiti kake son yin aiki, ko a ɗakin bincike? Mu a gida mun ɗauka duk ɗaya ne. A can hanya biyu ce, kowace da takardarta, kuma digirin digirgir shi kaɗai ba ya ba mutum izinin sa hannu a aikin marasa lafiya.

A Ingila, mai son aikin asibiti sai ya yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, hanyar da aka fi bi kuwa ita ce horon shekara 3 na hukumar lafiya ta NHS, wanda ake kira STP. A Amurka jarrabawar ABR, hukumar ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni, ita ce ƙofa, ba kuma za a ba ka shaidarta ba sai ka yi horon asibiti na shekara 2 a shirin da CAMPEP, hukumar tantance karatun fiziks na asibiti, ta amince da shi. Saboda haka ka duba tun yau ko sashen da ka shiga yana cikin jerin nan. Abin takaici ne mutum ya sha wahalar shekara huɗu ko biyar, sai a ƙarshe ya ji cewa da sauran karatu a gabansa. Wanda kuma ya san asibitin gida zai koma, ya leƙa shirin shekara 2 na cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Shekarar farko a aji ake yinta, ta biyu a asibiti, kuma don 'yan ƙasashe irin tamu aka tsara shi.

Kada wani ya sa ka raina inda ka fito. Garinmu ne ke da CERT, cibiyar binciken makamashi, inda na'urar binciken nukiliya ta farko a Najeriya ta fara aiki a 2004, ga kuma sashen gashin ciwon daji a asibitin koyarwa na Shika. Sai dai MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wata duniya ce daban, babu haske mai ƙona jiki irin na hoton ƙashi a cikinta. Yawancin jikin mutum ruwa ne, ruwa kuwa cike yake da haidurojin. In aka shigar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin haidurojin ɗin sukan riƙa juyawa da saurin megahaz 42.58 ga kowace tesla guda (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), wato kusan 64 a na'ura mai tesla 1.5, kusan 128 a mai tesla 3. Sai a buga musu igiyar rediyo daidai wannan sauri, a saurari amsar da suke mayarwa, a mai da ita hoto da lissafin Furiye. Wannan aiki ne ya kai Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Jami'ar Notingham ga kyautar Nobel a 2003. Lissafin ba zai gagare ka ba, ka riga ka gan shi a aji. Inda yawancinmu ke jin jiki shi ne kwamfuta. Za ka tarar abokan karatunka suna rubuta harshen kwamfuta na Python ko MATLAB ba tare da sun tsaya tunani ba, suna sarrafa hotunan ƙwaƙwalwa da manhajar FSL ko SPM. Ka ware sa'a biyu kullum a kan wannan tun daga makon farko, ko da ba wanda ya ce ka yi.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Maganaɗisun nan ba ya kashewa. Dare da rana yana kunne, ko an ɗauke wuta, domin wayoyinsa na jiƙe cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, lantarkin da ke ciki yana ta zagayawa ba tare da ya rage ba. Ƙarfin mai tesla 1.5 ya ninka na ƙasa kusan sau 30,000. Ba za ka ji komai a jikinka ba, shi ya sa ake mantuwa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka lalube kanka daga hula zuwa takalmi: makulli, tsabar kuɗi, abin yanke ƙumba da ke manne da makulli, agogo, waya, katin banki wanda na'urar kan goge layinsa. 'Yan uwa mata, allurar da kuke maƙale mayafi da ƙarfen gashi, ku ajiye su a akwatin waje, ku zo da hijabi mai zurawa wanda ba ya buƙatar allura. Wasu kayan kwalliyar ido ma na ɗauke da ƙarfe, sukan ɓata hoton. In kuma wani ɗan uwanmu ya zo a matsayin wanda za a gwada na'ura a kansa, ka tambaye shi da Hausa, cikin mutunci, ko akwai laya ko guru a jikinsa, ko ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido a wurin walda. Takardar tambayoyin Turawa ba ta san laya ba, kai ka sani.

Da malamin da ke duba aikinka kuwa, sai ka sassauta kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta. Zai ce ka kira shi da sunansa tsurarsa, ba "ranka ya daɗe" ba "Farfesa". Bakinka zai yi nauyi, amma ka daure. In ka sunkuyar da kai ka yi shiru, shi ba ladabi yake gani ba, ɗauka yake ka gane, ko kuma ba ka da abin faɗa. In gwaji ya ƙi, ka faɗa masa a makon, kada ka ɓoye har sai ka gyara. Lokacin hawa na'ura da kuɗi ake sayensa daga asusun bincike, sa'a-sa'a, ɗalibai kuma sukan samu dare ne ko ƙarshen mako. Ka fara da fantom, wato robar ruwa da ake gwaji da ita, har sai hannunka ya faɗa, kafin ka kira mutum.

Ka lissafa salla cikin jadawalinka. A watan Disamba rana kan faɗi a Ingila kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk su riske ka a wurin aiki. Ka gaya wa abokan aikinka tun wuri, har da batun Juma'a, kada ka ɗauki lokacin na'ura a tsakiyarsu sannan ka zo kana sauri.

Babban taron masu fannin MRI shi ne na ƙungiyar ISMRM, ana yinsa kowace shekara wajen watan Mayu, amma tun ƙarshen shekarar da ta gabata ake karɓar taƙaitaccen bayanin bincike. Da fasfo ɗinmu, da zarar an karɓi naka ka nemi biza. A nan ake haɗuwa da waɗanda za su ɗauke ka aikin bincike bayan digiri, wanda kwantiragi ne na shekara 2 ko 3. Kujerar dindindin a jami'o'in can ba ta da yawa, masu nemanta kuma ba su da iyaka. Kafin a fara rubuta kowace maƙala, ku daidaita jerin sunaye da malaminka, domin sunan farko shi ake dubawa.

In da ni ne ke zaɓen batun bincike yau, zan karkata ga ƙananan na'urori masu raunin maganaɗisu. Kamfanin Hyperfine na da wata mai tesla 0.064 da ake turawa har bakin gadon mara lafiya, ba ta shan hiliyom. Masu bincike a Mbarara ta Yuganda da Laidin ta Holan sun haɗa wata mai kusan tesla 0.05 da maganaɗisu na dindindin. Irin wannan ce za ta iya jure wutarmu da aljihunmu. Ko da batunka a kan babbar na'ura yake, ka riƙa bin injiniyoyi ranar da suka zo gyara, ka koyi gwajin ingancin hoto da duba faifan da ke karɓar sigina. In kai ma'aikacin jami'a ne da ka fita da hutun karatu, ka riƙa aika rahoton ci gabanka Samaru a kan lokaci, ka kuma tambayi malaminka ko zai yarda ku duba aikin ɗalibi ɗaya na gida tare.