Kaldera rami ne da ya rufta: kurakuran da na gaji da gyarawa a aji

Shekara da shekaru ina koyar da ilimin ƙasa a nan Maradi, kuma duk sanda muka iso darasin duwatsu masu aman wuta na tsibirai, kurakuran bara su ne na bana. Na gaji da jan biro a kan takardunku, shi ya sa na rubuta wannan.

Babban kuskure game da kaldera, wato babban ramin da ake samu a kan dutse mai aman wuta, shi ne cewa dutsen ya fashe, kansa ya tashi sama, sai aka bar rami. Ni ma na taɓa faɗa wa aji haka a shekarata ta farko, ranar da sufeto yake zaune a bencin baya. Bayan an tashi ya tambaye ni: "Mushe, in kan dutsen ne ya tarwatse, ina ɓaraguzansa?" Na rasa amsa. Maki na rasa a ranar, amma abin da ya fi ci mini rai, yara sun riga sun kwafe kuskurena a littattafansu. Abin da ke faruwa shi ne akwai ma'ajiyar narkakken dutse a ƙarƙashi. Idan ta zube da sauri, rufinta ya rasa abin da zai tallafe shi, sai ya nutse, kamar soron da azararsa ta ruɓe. Akasarin abin da ake tsinta a kewaye toka ce da sabon dutse mai kumfa da suka fito daga ciki, tsohon kan dutsen kuwa yana can ƙasa. Ku dubi Kilawiya ta Hawai a 2018. Narkakken dutse ya bi ta ƙarƙashi ya ɓulle kusan kilomita 40 daga ƙololuwa, ya cinye gidaje fiye da 700, ita kuma ƙololuwar ta riƙa nutsewa mataki-mataki fiye da sau 60, kowane mataki da girgizar ƙasarsa, har ramin ya ƙara zurfin kusan mita 500. Ina fashewar da ta ɗauke kai a nan?

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin na lalaci ne. Kukan ɗauki kompa ku zana da'ira cif, ku rubuta "kaldera", ku miƙo takarda. Haba! Rufin nan ba ya nutsewa haka kawai, yana zamewa ne a kan tsagogi. Kuma tsagogin iri biyu ne da kuke cakuɗawa kamar fate. Akwai tsagar zobe, wadda ruftawar kanta take haifarwa. Akwai kuma tsofaffin tsagogin yankin, waɗanda motsin faifan ƙasa (manyan sassan ɓawon duniya) ya yi tun kafin dutsen, kuma dutse ya fi saurin karyewa inda ya riga ya tsage. Shi ya sa Toba ta tsibirin Sumatara, wadda ta yi babban amanta kimanin shekaru 74,000 da suka wuce, ta miƙe kusan kilomita 100 a tsawo da 30 a faɗi, tana bin layin babbar tsagar Sumatara. A Santorini ta Girka ma, bakunan aman wuta na tsibiran Kameni da ke tsakiyar ramin sun jeru ne a layi ɗaya daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma.

Maganina shi ne baho. Nakan aiki yaro ya ɗebo yashi daga gulbi, mu ɗan jiƙa shi, mu binne balan-balan da aka hura, mu barbaɗa gari a sama don tsagogi su fito fili, sannan mu saki iska a hankali. Sai mu sake, amma wannan karon na yanka yashin da ruli tukuna. Wanda ya ga yadda gefen ramin yake bin yankan ba ya sake ɗaukar kompa. Wasu abokan aikina sun fi son bidiyo a waya. Ni dai ban yarda da abin da yaro bai taɓa da hannunsa ba.

Sauran ƙanana ne. Bakin dutse, inda aman yake fitowa, daban yake da kaldera. Ita yawanci faɗinta ya wuce kilomita guda. Kada ku ce duk rami mai suna kaldera ruftawa ce: Taburiyente ta tsibirin La Palma, zaftarewa da zaizayar ruwa ne suka yi ta. Kalmar kanta a Sifaniyanci tukunya take nufi.

Kuma ku daina rubuta cewa dutsen da ya rufta ya mutu. Karakatawu ta Indunusiya ta rufta a 1883, mutane fiye da 36,000 suka halaka, mafi yawansu a igiyar teku. A 1927 sabon tsibiri ya fara ɓullowa a cikin wannan ramin, aka sa masa suna Ɗan Karakatawu, kuma a Disamban 2018 gefensa ya zame cikin teku, igiyar ruwa ta kashe sama da mutum 400.