Yadda ake cire farin dattin da ke mannewa a cikin ketil

Salam ƴan uwa na Nima da Mamobi da Madina, tambayar yadda ake cire farin dattin ketil ta yi yawa, to ga amsa. In pampo ya ɗauke muka koma ruwan bohol ko na tanka, shi ne ke kawo farin abin nan, kalsiyam ne da ke cikin ruwan yake daskarewa in an tafasa, sai ketil ya riƙa daɗewa kafin ya tafasa kuma mita na ta cin kuɗi.

1. Cire ketil daga soket.
2. Zubar da ragowar ruwan.
3. Zuba binega kofi 1. In babu, matse lemun tsami 4.
4. Ƙara ruwa kofi 2.
5. Kunna ya tafasa. Hattara, kar ruwan ya wuce rabin ketil don yana kumfa, in ya zubo kan gindin wutar an yi asara.
6. Kashe, a bar shi minti 30.
7. Zubar.
8. Goge da soso mai laushi. Don Allah ban da wuƙa ko soson ƙarfe, na ga ketil sabo fil da aka kankare har ya fara tsatsa, abin ya ba ni takaici. In bai fita duka ba a sake daga lamba 3.
9. Ɗauraye sau 3.
10. Tafasa ruwa zalla a zubar, in ba haka ba shayin safe zai yi tsami.

Mai amfani da bohol kullum ya yi wannan duk wata. Kuma kar a haɗa binega da bilic, iskar da ke fitowa guba ce.