Yadda ake horar da kare ya amsa kira ko da wani abu ya ɗauke masa hankali

Duk wanda ya taɓa fita da kare zuwa fadamar Argungu bayan an yanke shinkafa ya san yadda abin yake. A tsakar gida kare yana jin sunansa zai taho da gudu, amma da zarar ya hango zabbi ko ya shinshino gafiya a bakin rami, sai ya zama kamar an toshe masa kunne. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin taurin kai, alhali kuwa kare yana auna abin da ke gabansa ne da abin da zai samu a wurin ubangidansa, sannan ya bi wanda ya fi tsoka. Malaman fiƙihu sun bayyana horarren karen farauta da cewa shi ne wanda idan an tura shi ya tafi, idan an tsawatar masa ya tsaya, kuma tsayawar nan da komowa ita ce ta fi wahalar koyarwa.

Ka fara da zaɓen kalma ɗaya wadda kowa a gidan zai riƙa amfani da ita, kamar "yaka", ko kuma fito mai sauti guda. Usur ya fi dacewa ga mai shiga daji, domin yana kai nisa kuma ba ya nuna fushi kamar muryar mutum. Idan karen ya saba jin wata kalma yana watsi da ita, ka bar ta ka ɗauki sabuwa.

Sai ka tanadi lada mai daraja a wurinsa: 'yan gutsattsarin dafaffen nama ko hanta, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, kowanne bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Ka guji tsire da kilishi saboda yaji, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. A cikin gida, lokacin da babu hayaniya kuma bai ci abinci ba tukuna, ka tsaya taku biyu ko uku daga gare shi, ka faɗi kalmar sau ɗaya, yana isowa ka ba shi ladan nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin idan ka jinkirta ba zai haɗa ladan da zuwan ba. Minti 5 sau biyu ko uku a rana ya wadatar, kuma ana iya farawa da ɗan kwikwiyo tun yana da mako 8. Ka riƙa kama abin wuyansa a hankali kafin ka miƙa naman, don kada ya koyi fizge lada ya tsere.

Idan ya ƙware a gida, ka fita da shi da igiya mai tsawon mita 10, kuma ya fi kyau a ɗaura ta a maɗaurin da ya zagaye ƙirji, saboda fizgar wuya a guje tana iya ji masa ciwo. A nan ne yawancin masu karnuka suke yin gaggawa, su kwance igiyar bayan kwana uku. Amfanin igiyar shi ne ta hana shi gane cewa ana iya ƙin amsa kira a zauna lafiya, don haka za ta zauna makonni, wani lokaci watanni. Ka fara a fili marar kowa da sanyin safiya, sannan ka matsa inda ake hango awaki daga nesa, sannan kusa da su, sannan inda yara ke wasa ko babura ke wucewa. Duk lokacin da ka ƙara abin da ke ɗauke hankali, ka rage nisan da ke tsakaninku kuma ka ƙara darajar ladan. Idan ka kira bai zo ba, kada ka maimaita kalmar sau biyar. Ka tattara igiyar a hankali ka matso kusa da shi, ka gane cewa ka tsallake mataki, gobe ka koma na baya. A ganina kare bai cancanci a sake shi ba sai ya amsa kira tara cikin goma a irin wurin da za a sake shi.

Akwai kuskure ɗaya da ke rushe aikin wata guda a rana ɗaya, wato a kira kare, ya zo a makare, a doke shi. Abin da ya fahimta shi ne zuwan ne ya jawo masa duka, kuma gobe zai tsaya nesa yana kallonka. Ko ya ɓata maka rai, ko ya kori akuyar maƙwabci, idan dai ya komo da ƙafarsa to a karɓe shi da murna. Haka nan kada kira ya zama alamar ƙarshen yawo kullum. Ka kira shi sau da yawa a tsakiyar yawo, ka ba shi lada, ka sallame shi ya koma shinshine-shinshinensa, domin sallamar ita ma lada ce. Idan kuwa wanka za ka yi masa ko ɗaure shi, ka je ka kamo shi ba tare da kira ba.

Daga wajen wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi kare yana shiga ƙuruciyar balaga, kuma sau da yawa wanda yake amsawa da kyau sai ya koma kamar bai taɓa koyo ba. Ka mayar da igiyar har lokacin ya wuce. Idan ya kuɓuce maka, kada ka bi shi, domin zai ɗauka tsere ne. Ka kira shi da fara'a ka ruga ta wani ɓangaren, yawanci zai biyo ka.

Kafin ka fara sakinsa, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana da wata 3, a riƙa sabunta ta duk shekara. Ko horonsa ya kai ina, a bakin babban titi irin na Birnin Kebbi zuwa Jega, da ranar kasuwa, da kusa da garken makiyaya, igiya ta kasance a hannunka.