Yadda zaka gane ko cinikin 'yan wasa zai amfani kulob ɗin hoki

Ni dai tunda na fara bin hokin ƙanƙara na Amurka da Kanada, wato gasar NHL, 'yan majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura suka sa ni gaba da tsiya, wai mutumin da ƙanƙarar da ya sani ta cikin zoɓo ce shi ke tashi ƙarfe ɗaya na dare yana ƙona data. Toh yanzu biyu daga cikinsu sun shigo, kuma tambayar da suke min kullum ita ce kulob kaza ya kwashi manyan 'yan wasa, ko shi zai ci kofi? Ga yadda nake dubawa.

Ka fara ajiye tunanin Firimiya a gefe. Can mai kuɗi shi ke siyan wanda yaga dama, amma NHL tun 2005 akwai iyakar albashi, kulob 32 ɗin nan kowa kuɗin da zai biya 'yan wasansa a kaka ɗaya suna da iyaka iri ɗaya, kakar 2024-25 dala miliyan 88 ce, ta 2025-26 ta koma miliyan 95.5. Kuma ba a siyan ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar ƙwallon ƙafa, sai dai musaya, ko ka jira kwantiraginsa ya ƙare ka ɗauke shi idan kasuwa ta buɗe ran 1 ga Yuli. Saboda haka duk sanda kaji an ba mutum ɗaya miliyan 10 a shekara, tambayar farko ita ce wa aka sallama don a samu gurbin kuɗin. Kamar cefanen gida ne, in maigida ya zuba rabin kuɗin a nama toh miyar zata rasa wani abu.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta waɗanda suka tafi kafin waɗanda suka zo, kuma gaban kowa ka sa mintin da yake yi a wasa, don wasan minti 60 ne kashi uku, 'yan wasa suna shiga suna fita kamar ana canjin direba a hanyar Jibiya, babban ɗan baya kan yi wajen minti 25 shi kaɗai, ɗan gaba na layi na huɗu, wato sahun ƙarshe na 'yan gaba, kuwa da ƙyar yake wuce 10. In kulob ya rasa mai minti 25 ya kawo 'yan gaba uku masu suna, wallahi ramin na nan, wani ne da bai kai ba zai cike shi dare bayan dare har ƙarshen kaka.

Wanda yafi koya min darasi shi ne cinikin Yulin 2022. Florida Panthers sun gama kaka da maki mafi yawa a gasar gaba ɗaya, Jonathan Huberdeau ya tara maki 115, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, amma suka haɗa shi da ɗan baya MacKenzie Weegar da wasu ƙari suka ba Calgary, suka karɓi Matthew Tkachuk. A takarda Calgary ta ci riba, mutum biyu manya kan ɗaya. Mi ya biyo baya? Huberdeau ya faɗo maki 55 a kakar farko, Calgary ko shiga wasannin kofi na ƙarshen kaka bata yi ba, Florida kuwa ta kai ƙarshe a 2023, ta ci kofin gasar, wato kofin Stanley, a 2024 ta sake ci 2025, duka a hannun Edmonton. Abin dubawa anan shi ne Tkachuk shekararsa 24 lokacin, Huberdeau 29, kuma a damina ɗaya Florida ta kawo sabon koci Paul Maurice mai son wasan matsi da gwabza jiki, irin wasan da aka haifi Tkachuk da shi. Don haka in kaga makin mutum ka tambaya da wa yake wasa lokacin da ya tara su, a hannun wane koci, kuma inda zashi akwai irin waɗannan abokan?

Shekaru kam kar ka raina. Nashville ran 1 ga Yulin 2024 ta ɗauki Steven Stamkos da Jonathan Marchessault da Brady Skjei a yini ɗaya, kowa yace sun cinye kasuwa, ni kaina na faɗa, amma biyun farko duk sun kai shekara 33, kakar ta ƙare suna can kusa da ƙasan tebur. Ita kuwa Washington a daminar ta tattaro mutanen da wasu suka gaji dasu irin su Pierre-Luc Dubois, ta ƙara da Jakob Chychrun a baya da gola Logan Thompson, ba ganga ba kalangu, ta gama ta ɗaya a ɓangaren gabas. Hanjin jimina akwai na ci akwai na zubarwa.

Gola kuma duba shi daban, kuma ka duba na biyunsa don babu golan da ke tsare duk wasannin kaka. Kar ka yanke hukunci da kaka ɗaya, Sergei Bobrovsky da Florida ta ba miliyan 10 a shekara a 2019 sai da ya sha zagi shekaru kafin ya zama shi ne bangon kofunan nan biyu.

Zaɓen matasa da ake yi ƙarshen Yuni kar ya ɗauke maka hankali in kakar bana kake lissafi, yawancinsu 'yan shekara 18 ne sai sun yi shekaru kafin a gansu, Chicago ta ɗauki Connor Bedard na ɗaya a 2023 kuma hakan bai hana ta kwana a ƙasa ba a kakar da ta biyo.

In ka gama wannan lissafin toh sai ka duba maƙwabta, don kulob 16 kaɗai ke shiga wasannin kofi, takwas gabas takwas yamma, kai ka gyara gidanka amma waɗanda kuke rukuni ɗaya suma ba barci suke ba. Ni abinda nake yi shi ne na ajiye takardar a cikin waya, in an fara kaka bana cewa uffan sai anyi wasa kamar 20, lokacin sanyin hunturu ya fara shigowa Katsina, sannan na ɗauko ta na kai majalisa mu gwada da tasu.