Gigin tsufa da gado: abin da za ka gaya wa likita a Ingila

Ranar da ka je yin rajista da likitan unguwa, wato GP, za a tambaye ka cututtukan da ke cikin danginku. Yawancinmu hawan jini da ciwon suga muke ambata, mu tsallake gigin tsufa, don a gida ba a lissafa shi cikin cuta. Sai a ce tsufa ne, ko iska, ko sammu. Kada ka tsallake shi. Buga waya gida ka tambayi manya: wa ya ruɗe, ta wajen uwa ne ko uba, yana da shekara nawa abin ya soma?

Shekarun nan su ne kan magana. Kakar da ta fara mantuwa bayan ta haura 80 ba ta nuna cutar gado ce. Abin da ke sa likita ya gyara zama shi ne mutum biyu ko uku a layi ɗaya, kaka da uba da baffa, duk sun kamu kafin su kai 65. A nan ake zargin ƙwayoyin gado uku na cutar Alzheimer, wadda ta fi jawo gigin tsufa: APP, PSEN1 da PSEN2. Mai ɗauke da matsala a ɗaya daga cikinsu, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Amma irin wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Idan kuwa halin mutum ne ya fara sauyawa kafin mantuwa, mai kunya ya koma yin magana ba linzami, a gaya wa likita haka, don akwai nau'in da ke taɓa gaban ƙwaƙwalwa, kuma ya fi bin jini.

GP ne zai tura ka asibitin gwajin gado na NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, kyauta. Marar lafiyar ake fara gwadawa idan yana raye. Mai lafiya sai ya kai 18, kuma sai an zauna da shi fiye da sau ɗaya ana yi masa bayani, domin sakamakon ya shafi 'yan'uwansa ma. Ka nemi tafinta tun lokacin karɓar rana. Kada ka ɗora wa yaronka wannan nauyi.

Gwajin yawu da ake sayarwa a intanet kuwa, muna ba da shawarar a bar shi. Wata ƙwayar gado mai suna APOE4 yake dubawa, ita kuma ƙara haɗari kawai take yi, da yawa masu ita suna tsufa da hankalinsu garau. Alƙaluman haɗarin ma galibi daga Turawa aka samo su. Binciken da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka ya nuna tasirinta ya fi rauni a Ibadan.

Wanda mantuwa ta riga ta soma damunsa, GP zai fara da gwajin jini, ya duba bitamin B12 da aikin thyroid, gaɓar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, saboda matsalarsu kan yi kama da gigi kuma tana da magani. Daga nan sai asibitin masu mantuwa, kuma a je da wanda ya san halin mutumin tun da can.